Inda Tsofaffin Kwafi Suka Tsaya

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe uku na rana

Shugaba ya kira ni ofishinsa. Ya nuna mini kujerar baƙi, mai laushin nan, ya sa aka kawo shayi. Shekara tara ina koyar da bisharu a wannan kwaleji ta horar da fastoci, ba a taɓa ba ni ko ruwa a ofishin nan ba. Ruwa ba ya tsami banza.

"Dakta, an kawo ƙara."

"Ƙarar wa, ranka ya daɗe?"

"Taki. A kan darasin makon jiya."

Bari in rubuta darasin a nan yadda na yi shi, kafin a ba ni labarinsa in kasa gane shi. Duk shekara, da 'yan aji biyu, nakan ɗauki shafi ɗaya in ba ɗalibi na farko ya kwafa da hannu. In karɓe asalin. Na biyu ya kwafa daga na farko, na uku daga na biyu, har na goma sha huɗu. Sai mu manna su a allo mu duba. Bana na shida ya tsallake layi guda. Na tara ya gyara abin da ba kuskure ba ne. Na goma sha ɗaya ya ga labarin ya tsaya ba sallama, ya ji tausayinsa, ya ƙara masa jimla biyu. Aka yi dariya. Daga nan na fito da hotunan tsofaffin kwafi, waɗanda aka rubuta a fata, na nuna musu ƙarshen bishara mafi gajarta. Manyan kwafi biyu mafi tsufa sun tsaya a aya ta takwas, inda matan da suka je kabarin Ubangiji suka gudu cikin tsoro. Ayoyi goma sha biyun da ke biye a littattafanmu babu su a cikinsu. Ban ce a yage su ba, ban ce ƙarya ne ba. Na ce ga abin da fata ta nuna. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

Shugaba ya turo mini takardu biyu. Ɗaya kwafin ƙarar ce, shafi ɗaya da rabi, sa hannun "wani dattijo mai damuwa". Ɗayar tawa ce, an riga an rubuta mini ita, don a rage mini wahala: na yi kuskure, ba zan ƙara koyar da darasin ba. Hukumar kwaleji za ta zauna ranar Juma'a, 22 ga wata. In na sa hannu kafin nan, magana ta mutu. In ban sa ba, za a karɓe ajin.

Shayin ya yi zaƙi da yawa.

Talata, 5, da safe

Ban sa hannu ba.

Laraba, 6, ƙarfe ɗaya

A ɗakin malamai kowa ya zama mai aiki. Ina shiga sai shafuka su fara motsi. Malamin tarihi ya biyo ni har bakin matakala, ya waiga hagu da dama kamar zai sayar mini da kayan sata.

"Dakta, ai duk mun san wannan abin. Amma ba a faɗarsa a aji."

"A ina ake faɗarsa?"

"A jarabawar digiri na uku. Sau ɗaya. Sai a karɓi takarda a manta."

Na ce na gode da shawara. Ya ce yana tare da ni ɗari bisa ɗari, amma kada in ce ya ce.

Juma'a, 8, ƙarfe huɗu na yamma

Kawu mai kula da ɗakin karatu, wanda ya girmi rabin littattafan da yake tsaro, ya miƙo mini ambulan a ƙarƙashin wata tsohuwar mujalla. Shi ke ajiye takardun hukuma.

"Wadda aka aika wa 'yan hukuma ce. Ban ba ki ba, faɗuwa ta yi."

"Ina da kwafi, Kawu."

"Kina da wani kwafi. Ke ce fa mai koya wa mutane bambancin."

Gaskiyarsa. Wannan shafi ɗaya ce kawai, kuma a cikinta ban kai ga raina nassi ba, "rikita ɗalibai" kawai nake yi. A ta Shugaba na riga na yi girma.

Lahadi, 10, bayan sujada

Yaya, wana fasto, shi ya yi wa'azi. Cikin duk abin da ke tsakanin bangon littafi mai tsarki, ya zaɓi ayoyi goma sha biyun. Ya karanta su a hankali, yana dukan kowace kalma kamar ƙusa. Ya kalli mawaƙa, ya kalli dattawa, ya kalli agogon bango. Bencin da nake ne kawai bai gani ba. Yaya ɗan hukumar kwaleji ne, kuma a ajin da nake koyarwa ya zauna shekara ashirin da suka wuce. Na san malaminsa. Na san abin da ya nuna musu.

Muka ci abinci a gidan Baba, mahaifinmu, fasto mai ritaya, kamar kullum. Idanun Baba sun kusa tafiya gaba ɗaya, yanzu da murya yake gane mu. Ya tambaye ni motata, ko an gyara birkin. Ya sake tambayata birkin bayan an kwashe kwanuka. A bakin ƙofa Yaya ya rage murya.

"Auta, takarda ce fa kawai. Ki sa hannu ki huta."

"Takardu nake koyarwa, Yaya."

"Taurin kan nan naki tun kina rarrafe."

"Kai ka goya ni, ka fi kowa sani."

Litinin, 11, da safe

Ban sa hannu ba. Na koyar da darasin yau, a kan yadda ake gane wane kwafi ya riga wanne. An turo mataimakin Shugaba ya zauna a baya da littafin rubutu. Ya yi barci a minti na ashirin. Na rage murya, don ba na son a ce na takura wa baƙo.

Laraba, 13, ƙarfe biyu

Uwar Biyu ta tsaya bayan aji. Ungozoma ce da ta yi ritaya ta shigo karatu, ta girme ni da shekara goma sha biyar, tana kirana Malama, ina kiranta Mama, kowa ya riƙe girmansa. Mijinta dattijon ikilisiya ne. Ta ciro takarda daga jakarta, a ninke huɗu.

"Wannan aka karanta wa dattawa jiya. Malama, ashe har cewa kika yi Ubangiji bai tashi ba?"

"Kina ajin, Mama. Na ce?"

"Ni dai ina zaune a gaba, kunnena biyu, ban ji ba. Wataƙila lokacin da na fita fitsari ne."

Shafi biyu cur. Ina girma da sauri. In aka ƙara mako ɗaya zan ƙone majami'a.

Alhamis, 14, ƙarfe biyar na yamma

Na share teburin cin abinci na shimfiɗa su uku a jere: ta hukuma, ta Shugaba, ta dattawa. Na ɗauko jan biro da rula. Tunda an kawo mini rubuce-rubuce uku masu saɓani, ba zan yi musu abin da ban yi wa bishara ba.

Aikin ba wuya, haƙuri yake so. Ka ja layi a ƙarƙashin abin da duka ukun suka yarda da shi. Ka ware abin da ɗaya kaɗai ke da shi. Sai ka tambayi kowace jimla: mai kwafa zai so ya ƙara ki, ko zai so ya cire ki? Zagi yana da sauƙin ƙarawa, kowane hannu ya bi ta kai sai ya ɗan yayyafa nasa. Amma jimlar da ke rage wa mai ƙara ƙarfi, wadda ta tsaya masa a maƙogwaro, ba shi ya ƙirƙire ta ba. Samunta ya yi a wurin, ya ji nauyin cirewa.

Da na gama, layi huɗu ne suka rage, a farkon kowace takarda, ba su dace da abin da ke biye da su ba. Mai maganar ya ce ba ya zargin kowa. Ya ce ya ji ana faɗin wani abu a kan ayoyin, yana so a tambayar masa ko gaskiya ne, a yi masa bayani yadda zai gane. Ta Shugaba da ta dattawa sun ce ya yi "shekaru masu yawa" yana wa'azi da su. Ta hukuma, mafi gajarta, ta ce shekara arba'in da ɗaya, tun a majami'ar da ba ta da rufi.

Majami'a ɗaya na sani da ba ta da rufi. A cikinta aka yi mini baftisma, ana riƙe mini lema.

Na mayar da murfin biron. Na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Juma'a, 15, da safe

Ban sa hannu ba.

Asabar, 16, ƙarfe sha ɗaya

Na kai motar an duba birki. Lafiyarsa ƙalau. Bakaniken ya ce, "Hajiya ko Madam, wannan birkin ko jirgi zai tsayar." Na ce ya sake dubawa.

Lahadi, 17, ƙarfe biyu

Ban je cin abinci ba. Na aika cewa kaina na ciwo, kuma kafin yamma ya fara, don kada in zama maƙaryaciya.

Litinin, 18, ƙarfe shida na yamma

Na sami Yaya a ofishin majami'a yana jera takardun waƙa. Na ajiye masa ukun a kan tebur, da jan layina a jiki. Ya daɗe yana kallo. Yaya ba wawa ba ne, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da shi.

"Baba ya faɗa, na rubuta. Ba ya gani, kin sani."

"Layi huɗu ya faɗa."

"Na ɗan ƙara haske, don Shugaba ya fahimta."

"Hasken ya kai shafi. Sauran fa?"

"Sauran ba ni ba ne. Na ba sakataren kwaleji, ban san abin da..." Ya ja kujera ya zauna. "Auta, ke kina ƙirga kwafi, ni ina binne mutane. Makon jiya na tsaya a bakin ramin yaro ɗan shekara shida. Uwarsa ta riƙe littafin nan a ƙirji. In ɗalibanki suka fita suna cewa akwai ƙari a ciki, me zan ce mata? In ce ta duba hoton fata?"

Na ce abin da na sani: wata rana ɗan matar nan na biyu zai girma, wani wanda ba ya ƙaunarsu zai nuna masa hoton, ya ce fastocinku sun ɓoye muku. Gara ya ji daga bakin wanda ke sujada tare da shi.

"Baba ya san abin da takardarsa ta zama?"

"A'a. Kuma kada ki..."

"Ba ni na saba ƙara wa Baba magana ba."

Wannan ta shige shi. Na ji daɗi har na kai mota, daga nan daɗin ya ƙare.

Laraba, 20, ƙarfe huɗu na yamma

Baba yana baranda, rediyo a cinya, a kashe. Tun daga takuna ya ce, "Auta. Kan ya sauka?"

Na zauna a tabarma kusa da ƙafarsa. Na ce na zo amsa tambaya. Bai ce wace tambaya ba, ban ce wa ya gaya mini ba. Na yi masa darasin duka, da ɗalibai goma sha huɗu, da na goma sha ɗaya mai tausayi. Ya yi dariya a nan. Sai ya ce in karanta masa surar, in tsaya inda tsofaffin suka tsaya. Na karanta. Na tsaya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Da tsoro ya rufe?"

"Da tsoro. Amma an riga an gaya musu ya tashi. Yana cikin aya ta shida, a kowane kwafi."

Ya juya rediyon a hannunsa. "Shi wanda ya ƙara ɗin, ɓarawo ne?"

"A ganina mai bi ne. Ya tattaro abin da ikilisiya ta riga ta sani ya rufe da shi. Wasu masana suna ganin ƙarshen asalin ɓata ya yi, wasu suna ganin haka marubucin ya so. Ba wanda ya tabbatar."

"Ke fa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Shekara nawa kina karatu, ki zo ki ce mini ba ki sani ba." Ya girgiza kai, amma ba da faɗa ba. Can ya ce, "Tun yaushe kika san wannan?"

"Shekara goma sha bakwai."

"Kina gaya wa 'ya'yan mutane duk shekara. Ubanki ne ba zai iya ɗauka ba? Sai da na ji a bakin mai kawo mini magani?"

Ni da nake tsaye a gaban allo ina cewa kada a ɓoye wa mutane.

Na ce ana so in sa hannu cewa kuskure na yi. Na ce masa wai wasu ne suka yi ƙorafi. Ban ce da takardar wa ba, kuma ba zan ce ba. Na san abin da wannan ya mayar da ni, ba sai an gaya mini ba.

"Kuskure kika yi?"

"A'a."

"To me kike tambayata? Ni na kai ki makaranta, ban bi ki ciki ba." Ya kunna rediyo. Da na miƙe ya ce, "Ran Lahadi ki zo da hoton nan. Ba zan gani ba, amma ki zo da shi."

Alhamis, 21, da safe

Shugaba ya aiko a tuna mini gobe ne. Na aika a gode masa, na ce ina da kalanda.

Juma'a, 22, ƙarfe biyar na yamma

Mutum takwas a dogon tebur, ni a ƙarshensa kan kujerar roba. Kowa da littafinsa a gabansa, wasu da zip, wasu da bakin zinariya. Aka buɗe da addu'a a kan tawali'u, kuma na gane wa ake nufi.

Na roƙe su su buɗe surar, su duba ƙasan shafin. Shida daga cikin takwas suna da ƙaramin rubutu a wurin, mai faɗin abin da na faɗa a aji. Aka shiga neman tabarau. Wani dattijo ya kai shafin har hancinsa, ya ɗago.

"Waɗannan ƙananan ai na masu buga littafi ne. Ba a karanta su."

"Shekara nawa littafin yake hannunka, ranka ya daɗe?"

"Ashirin da biyar."

"To ni ban kawo komai ba. A gidanka na same shi."

Shugaba ya ce ba wannan ne a gabanmu ba, ƙara ce. Na ce wace daga ciki? Na shimfiɗa ukun. Na nuna musu abin da ya shigo a hannu na biyu, da abin da ya shigo a na uku, da layi huɗun da suka riga kowa. Na ce a cikin mako biyu, a gari ɗaya, da na'urar buga takarda, tambaya ta zama tuhuma. Su kuma waɗancan bayin Allah sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwafa da alƙalami a hasken fitila, kuma abin da ya saɓa a hannunsu kaɗan ne. Na ce in akwai darasin da ke ƙara mini girmama su, wannan ne.

Matar da ke cikinsu, shugabar zumuntar mata, ta ce, "To wane ne dattijon?"

"Aikina in nuna wanne ya riga wanne, Mama. Suna ba ya cikin takardar."

Yaya yana ta kwance bironsa yana ɗaurawa.

Shugaba ya turo takardar, da biro a kai, har gabana. Ya ce, "Dakta, don zaman lafiya." Na karanta ta daga farko har ƙarshe, a hankali, don kada a ce na raina ta. Na ce an rubuta ta da kyau, babu kuskure ko ɗaya sai abin da ta faɗa. Na tura masa abarsa.

Aka yi ƙuri'a: biyar suka ce a karɓe ajin, biyu suka ce a'a, ɗaya bai ɗaga hannu ba. Ban kalli ko wane ne ba. Daga Litinin zan taimaka wa Kawu a ɗakin karatu "har a ga hali". Wanda zai riƙe ajin kafin a sami malami, aka ce, sai wanda hukuma ta amince da shi, kuma ya taɓa karanta fannin. Kowa ya juya ya kalli Yaya.

Asabar, 23

Na yi barci har ƙarfe tara. Ban ji komai ba. Ina jira in ji.

Litinin, 25, ƙarfe sha biyu

Kawu ya ba ni tebur, da hatimi, da kwali uku na littattafan da wani fasto ya mutu ya bari. Ya ce, "Barka da zuwa inda ake ajiye abin da ba a so a karanta." Teburin yana jikin bango. Bangon katako ne, bayansa aji biyu.

Ƙarfe goma na ji an ja kujeru. Na ji muryar Yaya, ta mumbari, yana cewa za a ci gaba daga babi na gaba. Na ji shafuka. Sai muryar Uwar Biyu, ba gaggawa, irin muryar da ta saba cewa mace ta yi nishi.

"Fasto, kafin mu wuce. Mun ji an ce Malama ta yi kuskure. Kai ka yi karatun nan. Tsofaffin kwafin nan biyu, a ina suka tsaya?"

Na riƙe hatimin a sama. Kawu ya daina shara. Na ji fankar ajin tana juyawa, na ji wani ya yi tari ya fasa.

Da Yaya ya yi magana, ba muryar mumbari ba ce. Muryar da yake kirana da ita ce in na yi nisa a hanya muna yara.

"A aya ta takwas."

"Ba mu ji ba a baya, Fasto."

"Na ce a aya ta takwas. Ku rubuta."

Na buga hatimin, na ɗauko littafi na gaba.